Tarihin Sezan, Mai Zanen Da Ya Dafa Dutse

A wannan fili mun saba kawo muku tarihin malamai da sarakuna da manyan fatake na ƙasarmu. A wannan fitowa kuwa za mu ɗan yi nisan kiwo, mu leƙa ƙasar Faransa, mu ɗauko labarin wani Bature mai sana'ar zane da ake kira Paul Cezanne, wanda mutanen ƙasarsa ke furta sunansa da Sezan. Ya mutu tun 1906.

Wani zai ce mene ne haɗinmu da Bature mai fenti? To, dalili shi ne mun sha jin iyaye a nan unguwa suna kuka da yaran da suka ƙi zaman rumfa, suka ƙi bin motar goro ko ta shanu, ba su da aiki sai zane-zane a bayan littafi da rubuta allon shago. Uba yana ganin ɗansa ya lalace, ɗa kuma yana ganin an ƙi a saurare shi. Wannan rigima ba a kanmu aka fara ta ba. Sezan ɗan kasuwa ne ya haife shi, kuma sun yi shekara 25 suna irin wannan ja-in-ja da mahaifinsa. Ga yadda abin ya kasance.

Asalinsa

An haifi Sezan ran 19 ga Janairu, 1839, a wani gari da ake kira Eks a kudancin Faransa, kimanin kilomita 30 daga birnin Marsel na bakin teku. Mahaifinsa, Luwi-Ogus, da sayar da malafa ya fara. Mutum ne mai tsimi da tanadi, wanda ba ya barin kwabo ya wuce shi. Daga ribar malafa ya shiga ba da rance, har a 1848 shi da wani abokin cinikinsa suka buɗe banki a garin. A 1859 ya sayi wani katafaren gida mai lambu da tafki a bayan gari. Manyan garin, masu taƙama da asali, suna yi masa kallon ɗan jiya, amma dai kowa ya san inda kuɗi yake.

Yaron ya shiga babbar makarantar garin a 1852, inda ya yi abota da wani maraya mai suna Emil Zola, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Faransa. Ana ba da labari cewa yara sun riƙa cin zalin Zola don baƙo ne daga Faris, sai Sezan ya shigar masa, washegari Zola ya kawo masa kwandon tuffa don godiya. Ku riƙe maganar tuffar nan, za mu sake haɗuwa da ita. Su biyun da wani abokinsu na uku, in an tashi daga makaranta sai su nausa daji, su yi iyo a rafi, su hau duwatsu. Tun a nan ƙasar ta shiga ransa.

Uba yana da ɗa namiji ɗaya tak, ga banki yana jiran magaji. Saboda haka ya tura shi karatun lauya. Sezan ya yi biyayya ya shiga, amma da yamma sai ya sulale zuwa makarantar koyon zane ta garin. Zola kuma, da ya riga ya koma Faris, yana ta aiko masa da wasiƙu yana zuga shi ya taho. Da ƙyar da jiɓin goshi, da sa bakin mahaifiyarsa, uban ya yarda a 1861, ya yanka masa kuɗin wata-wata.

Faris ta ƙi shi

Zuwan farko bai yi daɗi ba. Cikin 'yan watanni ya karaya ya dawo gida, ya zauna a bankin ubansa yana rubuta lissafi. Uban ya ɗauka shi ke nan yaro ya dawo hayyacinsa. Ashe da sauran rina a kaba, domin a ƙarshen 1862 ya sake tattara kayansa ya koma Faris, kuma daga ranar bai sake wata sana'a ba sai zane.

Ya kamata mu fahimci yadda kasuwar zane take a can a wancan zamani. Akwai wani babban baje koli da ake yi shekara-shekara a Faris, ana kiransa Salon. Wasu dattawan alƙalai ne ke zaɓen zanen da zai shiga. Wanda aka karɓi nasa, masu kuɗi za su gani su saya, su kuma ba shi aiki. Wanda aka ƙi, to kamar ɗan kasuwa ne da aka hana shi rumfa. Alƙalan nan suna son zane mai santsi, wanda ba a ganin sawun buroshi, mai nuna yaƙe-yaƙe da tatsuniyoyin mutanen da. Shi kuwa Sezan a lokacin yana lafta fenti da kauri, har da wuƙa yake shafa shi, ga baƙi da duhu. Shekara bayan shekara yana turawa ana dawo masa da kayansa. Sau ɗaya rak aka taɓa rataye nasa, a 1882, shi ma don wani abokinsa yana cikin alƙalan ne, ya shigar da shi da sunan almajirinsa.

Ga shi kuma mutum ne mai wuyar sha'ani. Yana da kunya da saurin fushi, ba ya son a taɓa jikinsa, ba ya kula da tufafi, kuma harshensa na mutanen kudu ne, 'yan birni suna yi masa dariya. Duk abin da ke jawo wa mai sana'a ciniki, na iya magana da iya shiga mutane, babu ko ɗaya a wurinsa.

Ya koyi fita daji

Wanda ya gyara masa hannu wani mai zane ne da ya girme shi da shekara tara, ana kiransa Kamil Fisaro, mutum mai sanyin hali. Daga 1872 zuwa 1874 Sezan ya zauna kusa da shi a ƙauyukan arewa da Faris, suna fita tare. Fisaro ya nuna masa ya rage baƙin fenti, ya daina zana abin da ke cikin kansa, ya tsaya gaban gona ko hanya ko tudu ya kalle su da kyau, sa'an nan ya sa abin da idonsa ya gani da ƙananan shafe-shafe na buroshi.

Wannan fita waje sabon abu ne a lokacin. A da mai zane yakan niƙa launinsa da kansa, ya kwaɓa da mai, ya ɗaure a cikin 'yar salkar fata, abin da ba ya jure tafiya. Sai a 1841 wani Ba'amurke ya ƙago bututun ƙarfe mai laushi, irin na man goge baki, da ake ɗura fenti a ciki. Jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa fita ƙauye. Daga nan mai zane ya sami damar goya kayansa a baya, wato ƙyalle mai kauri da aka ɗaure a jikin katako, da maɗorinsa mai ƙafa uku, da akwatin fenti, ya tafi inda yake so.

Amma fa kada a ɗauka shan iska ne. Rana ba ta tsayawa ta jira kowa. Inuwar da ke yamma yanzu, an jima ta koma gabas, launin ganye da na dutse duk sun sake. Saboda haka awa biyu ko uku kawai mutum zai yi a kan zane ɗaya, sai ya dawo gobe daidai wannan lokaci, in an yi sa'a babu hadari. A kudancin Faransa kuma akwai wata iska mai ƙarfi da sanyi da ke busowa daga arewa, tana iya kifar da kayan aiki gaba ɗaya. Ga zafi, ga ƙudaje, ga 'yan kallo masu tsokana.

A 1874 Fisaro da abokansa, irin su Mone da Renuwa, da suka gaji da wulaƙancin Salon, suka kama wuri suka yi nasu baje kolin. Sezan ya sa zane uku. 'Yan jarida suka yi musu ca, amma shi ya fi kowa shan ba'a. Duk da haka wani mai sarauta ya sayi guda ɗaya, zanen wani gida a ƙauye, a kan faran 300. Ya sake shiga a 1877 da zane 16, aka sake yi masa dariya. Daga nan ya janye jikinsa, ya yi kusan shekara 20 mutanen Faris ba sa ganin aikinsa sai a wani ɗan shagon fenti na wani tsoho mai suna Tangi, wanda yake ba shi kayan aiki bashi, ya karɓi zane a madadin kuɗi.

Asiri ya tonu

A nan akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba abin koyi ba ne, amma tarihi ba a yi masa kwaskwarima. A 1869 ya haɗu da wata yarinya mai suna Ortans, suka zauna tare ba aure, har ta haifa masa ɗa namiji a 1872, aka sa masa suna Paul. Uwarsa ta sani, amma ya ɓoye wa uban, don tsoron kada a yanke kuɗin wata. Ku duba fa, mutum mai gemu, ya doshi shekara 40, yana ajiye mace da ɗa a wani gari, yana satar hanya ya je ya gan su ya dawo kafin lokacin cin abinci.

Tsohon kuwa yana da ɗabi'ar buɗe duk wasiƙar da ta shigo gidansa. A 1878 wata wasiƙa ta faɗa hannunsa, ya ga ana gaishe da matar Sezan da ɗansa. Ya tambaye shi, ya musa. Sai tsohon ya rage kuɗin zuwa faran 100, a kan cewa ai gwauro ba ya buƙatar fiye da haka. Dole Sezan ya riƙa rubuta wa Zola yana roƙon ya aika wa Ortans faran 60, Zola kuma ya yi ta aikawa wata da watanni. Daga baya tsohon ya sauko ya mayar da kuɗin.

Shekarar 1886 ita ce ta juya komai. A cikinta Zola ya fitar da wani littafin ƙagaggen labari a kan mai zanen da ya kasa cin nasara har ya kashe kansa, mutane da yawa suka ce da Sezan yake. An daɗe ana cewa a nan zumuncinsu ya yanke, sai a 2013 aka gano wata wasiƙa ta 1887 da ta nuna suna gaisawa bayan haka, ko da yake dai abotar ta yi sanyi. A watan Afrilu na 1886 ya ɗaura aure da Ortans a gaban iyayensa. A watan Oktoba tsohon ya mutu, ya bar masa gado na kimanin faran 400,000. Ya mutu bai taɓa ganin ɗansa ya ci abinci da sana'arsa ba. Sezan yana da shekara 47 a lokacin.

Tuffa a kan tebur

Aikinsa iri biyu ne ya fi shahara. In gari ya yi kyau ya fita daji. In ana ruwa ko sanyi ya shiga ɗaki ya zana kayan da ba sa motsi: tuffa, lemo, albasa, tulu, kwalba, faranti, da farin mayafin tebur. Irin wannan zane a wurin alƙalan Salon shi ne mafi ƙasƙanci, aikin 'yan koyo. Shi kuwa ya zana irinsa fiye da 150.

Me ya sa? Tuffa ba ta gajiya, ba ta motsi, ba ta neman lada, shi kuma mutum ne mai jinkirin aiki ƙwarai. Wani matashin mai zane da ya taɓa ganin yadda yake shirya tebur ya ba da labari cewa sai ya shimfiɗa mayafi ya yi ta gyara ninkinsa, ya jera 'ya'yan itacen yana juya su, kore kusa da ja, rawaya kusa da shuɗi, har yana cusa 'yan kwabbai a ƙarƙashinsu don su karkata yadda yake so. Duk wanda ya taɓa kasa tumatir ko lemo a tire ya san wannan aiki, domin jeri ma gwaninta ne, kuma ido ne ke fara saye kafin aljihu. Bambancin shi ne mu muna jerawa don a kwashe kafin la'asar, shi kuwa yakan yi makonni a kan jeri ɗaya. 'Ya'yan itacen sukan ruɓe bai gama ba. Furanni kuwa da suka dame shi da saurin yaushi, sai ya koma amfani da na takarda.

Wanda ya kalli zanen nan zai ga wani abin mamaki. Bakin tebur na hagu bai yi daidai da na dama ba, tulu kamar ana leƙa shi daga sama, faranti kamar zai zame. Mutanen zamaninsa suka ce bai iya ba ne. Daga baya aka gane da gangan ne. Ai mutum in yana duban kaya ba ya ƙafewa wuri guda kamar na'urar ɗaukar hoto. Yakan matsa, ya duƙa, ya leƙa, kamar mai sayen rago. Sezan yana so ya haɗa duk wannan kallo a zane ɗaya. Kuma bai cika nuna zagayen tuffa da baƙar inuwa ba. Da launi yake gina ta, ɗigo bayan ɗigo, daga ja zuwa ruwan lemo zuwa kore, har ka ji kamar ka miƙa hannu ka ɗauka ka ji nauyinta. A wata wasiƙa ta 1904 ya shawarci wani matashi ya riƙa duban halitta ta siffofi uku: mulmulalle kamar ƙwallo, dogo kamar gwangwani, da mai tsini kamar mazurari.

Dutsen garinsu

Gabas da Eks akwai wani dogon farin dutse da ake kira San-Biktuwa, tsawonsa mita 1,011. Yadda Dala yake ga Bakano, Kufena ga Bazazzagi, haka wannan dutse yake ga mutumin Eks. Sezan ya zana shi fiye da sau 60, da fentin mai da na ruwa. Ya zana shi daga gonar surukinsa, da itatuwa a gaba da gadar jirgin ƙasa a kwari. Ya zana shi daga wata tsohuwar mahaƙar duwatsu. Ya zana shi daga kan tudu a arewacin gari.

Wani zai ce dutse ɗaya, me ya rage a cikinsa bayan zane na biyu? Mu da muke zaune nesa da gida ya kamata mu fi kowa gane wannan. Wanda ya yi shekaru a kudu, ranar da mota ta haye Kwara ya fara hango kuka da rumbuna da jar ƙasa, shi ya san abin da ke motsawa a ƙirjinsa, kuma ba ya cewa ai na taɓa gani. Sezan ya yi zaman Faris sau da yawa, amma kullum ƙasarsu tana kiransa. Ga shi kuma dutsen da safe shuɗi ne, da rana fari, da yamma ja-ja. A zanensa na ƙarshe-ƙarshe gidaje da gonaki sun koma faci-faci na kore da rawaya da shuɗi, in ka matsa kusa ba ka gane komai, in ka ja da baya sai fili ya buɗe, dutse ya miƙe. Inda bai tabbatar da launin da ya dace ba sai ya bar wurin fari, don ya gwammace giɓi da ya sa abin da bai gani ba. Zanen da bai gamshe shi ba kuwa yakan yage shi ko ya yar a daji ya yi tafiyarsa.

Dillali ya zo

Kowace haja tana buƙatar dillali. Da tsoho Tangi ya mutu a 1894 aka yi gwanjon kayansa, zanen Sezan guda shida suka tafi tsakanin faran 45 da 215 kowanne. Cikin masu saye akwai wani saurayi mai ɗan ƙaramin shago, Amburwaz Bolar, haifaffen tsibirin Reyuniyon. Su Fisaro suka ba shi shawara ya nemi mai zanen. A watan Nuwamba 1895 Bolar ya yi wa Sezan baje koli nasa shi kaɗai, na farko a rayuwarsa, da zane kimanin 150, ana rataye su kashi-kashi don shagon ba shi da faɗi. Sezan yana da shekara 56, shekarun da yawancinmu muke fara tunanin miƙa wa yara mabuɗin shago. Ko zuwa wurin bai yi ba, yana can gida yana aiki.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A 1897 babban gidan ajiye zane na Balin a Jamus ya sayi nasa. A 1904 aka ware masa ɗaki guda a wani babban baje koli a Faris. Matasa suka riƙa yin tattaki zuwa Eks don su gan shi. Ɗansa Paul shi ya zama wakilinsa wajen ciniki. Amma a garinsu har yanzu kallon tsohon mahaukaci ɗan mai banki ake yi masa, yara suna binsa da tsokana, shugaban gidan tarihin garin ma ya yi rantsuwa cewa muddin yana raye zanen Sezan ba zai shiga wurin ba.

Shi Bolar ɗin ya ɗanɗana jinkirin mutumin da kansa, domin ya ce ya zauna masa sau 115 don ya zana shi, a ƙarshe Sezan ya ajiye aikin bai ƙarasa ba, wai gaban rigar ne kawai ya ɗan gamshe shi.

Ƙarshensa

Tun wajen 1890 ciwon sukari ya kama shi. Mahaifiyarsa ta mutu a 1897, aka sayar da gidan gado a 1899. Ya kama haya a cikin gari, sa'an nan ya gina ɗakin aiki a kan tudu, mai babbar taga ta gilashi da ke duban arewa don hasken da ke shigowa ta nan ba ya yawan canjawa. Ya fara aiki a ciki a 1902. Tun ƙarfe shida na safe yana can, ya sauko cin abinci kafin tsakar rana, ya koma daji sai biyar na yamma. Ran Lahadi ya je coci. Matarsa da ɗansa galibi suna Faris.

A 1906 mai keken dokin da ke kai shi daji ya ƙara masa kuɗi. Jinin tsohon mai malafa ya motsa, ya sallame shi, ya koma ɗaukar kayansa da kansa. Ran 15 ga Oktoba hadari ya same shi a fili yana aiki. Ya daɗe cikin ruwa, a hanyar dawowa ya yanke jiki ya faɗi, sai wani mai keken kai wanki ne ya tsince shi ya kawo shi gida. Washegari da sassafe ya lallaɓa ya koma wurin aiki, ya dawo jiki ya rikice, sanyi ya kama masa huhu. Wasiƙarsa ta ƙarshe da aka sani, ta ran 17 ga wata, zuwa ga mai sayar masa da fenti ce, yana faɗan an yi kwana takwas ba a aiko masa da bututu goma da ya yi oda ba. Ya mutu ran 22 ga Oktoba, 1906, yana da shekara 67. Matarsa da ɗansa ba su iso ba sai bayan rai ya yi halinsa.

Bayansa

Ya bar zane na fentin mai fiye da 900, ban da ɗaruruwa na fentin ruwa. A 1907 aka yi babban baje kolin tunawa da shi a Faris, kuma daga abin da matasa suka gani a nan ne su Fikaso suka ɗora sabon salon da ya sauya zanen Turai. Fikaso ma a 1958 ya sayi gida a gindin dutsen nan, a can aka binne shi. Ɗakin aikin Sezan ya zama wurin ziyara tun 1954. A 1997 Faransa ta buga hotonsa a takardar faran 100, da zanen tuffa a bayanta, aka yi ta kashe ta har zuwan kuɗin Yuro a 2002. Ka ji ikon Allah, yaron da ya gudu daga banki ga shi a cikin kowane banki. A 1999 an sayar da wani zanensa na tulu da 'ya'yan itace a kan dala miliyan 60 da rabi, a 2022 kuma wani na dutsen ya haura dala miliyan 137.

Abin lura

Na farko, maganar addini, don mun san za a tambaya. Sezan ya zana mutane, har da masu caca da masu wanka ba sutura, wannan kuwa ba namu ba ne. Amma mun karanta tun a Islamiyya cewa wani mai sana'ar yin surori ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da wannan yake ci. Ya gaya masa gargaɗin da ya zo a kan surar mai rai, da ya ga hankalinsa ya tashi sai ya nuna masa ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Dutse da gona da tulu da lemo duk suna cikin wannan. Wanda yake da yaro mai wannan baiwa, ya kai maganar gaban malamai su yi masa bayani dalla-dalla.

Na biyu, kada yaranmu su ji miliyoyin nan su ruɗe. Sezan bai ga ko ƙyallinsu ba, kuma da ba don kuɗin malafa da na banki ba, da yunwa ta kore shi daga sana'ar tun yana saurayi. Masu zane nawa ne a Faris suka mutu ba wanda ya san sunansu? Wanda ba shi da uba mai banki, to ya riƙe abin da zai ci, ko rubutun allo ne, ko fentin gida, ko adon bayan mota, ya yi na ransa a gefe. Abin da za a ɗauka a wurin mutumin nan shi ne fita aiki ƙarfe shida na safe har shekara 40, ana saye ko ba a saye.

Na uku namu ne, mu iyaye. Tsohon nan bai yarda da sana'ar ɗansa ba, amma bai kore shi ba, bai kuma yanke masa abinci ba, wannan a yaba masa. Sai dai ya riƙe shi da tsoro da ƙarfin aljihu, har ɗan ya gwammace ya yi shekaru yana yi masa ƙarya da ya zauna ya gaya masa gaskiya. Jikansa ya yi shekara shida a duniya bai san da shi ba. A nan baƙunta muke, yaranmu suna tashi cikin wasu mutane, suna ganin sana'o'in da mu ba mu gada ba. In yaro ya zo da tasa, mu zaunar da shi, mu tambayi masana ko halal ce, mu duba ko da gaske yake ko lalaci ne, mu ba shi wa'adi da ɗan jari. In da gaske yake, za a gani a sammakonsa.

Hausawa sun ce mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Sezan dai ya dafa nasa, ko da yake wasu ne suka fi shan romon. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.